Daga Japan Zuwa Kafanchan: Fina-finan Takobi Da Jini Da Ke Yawo A Wayoyin Matasa

A Kafanchan, kamar a sauran garuruwan Arewa, fim ba ya buƙatar silima kafin ya sami masu kallo. Saurayi zai miƙa wayarsa ko katin ajiyarsa ga mai tura fina-finai a ɗan shagonsa na bakin titi, ya jira 'yan mintoci, ya koma gida da abin da zai cinye masa dare biyu ko uku. Washegari ya tura wa abokinsa ta Xender, abokin ya tura wa ƙanensa, kafin mako ya zagayo fim ɗin ya ratsa unguwa. Babu fosta, babu kwali, babu tambarin da ke nuna shekarun wanda ya dace ya kalla. Abin da ke raka shi kawai shi ne shaidar wanda ya riga ya gani, ita kuwa shaidar ba ta cika wuce cewa akwai faɗa, akwai jini, kuma bos ɗin yana da taurin rai ba.

A cikin wannan kaya da ke wucewa daga hannu zuwa hannu akwai na Indiya da aka fassara zuwa Hausa, da na Amurka, da na Koriya ta Kudu, da kuma waɗanda jama'a ke haɗawa su kira su “Chanis” ko da kuwa ba daga China suka fito ba. Wasu daga cikin waɗannan na ƙasar Japan ne, kuma a cikinsu ake samun fina-finan da masana ke lissafawa cikin mafi inganci a tarihin sana'ar, haka nan a cikinsu ake samun waɗanda wasu ƙasashe suka haramta nunawa saboda tsananin zubar da jini. Ga yankin da ya binne 'ya'yansa sau da dama sakamakon rikici, sanin bambancin waɗannan biyun ya wuce batun nishaɗi.

Mahaɗar jirgi, mahaɗar kallo

Kafanchan ba baƙuwar kayan nesa ba ce. Garin ya bunƙasa ne a kan layin dogo, tun bayan da layin da ya taso daga Fatakwal ya ratsa Inugu da Makurɗi ya iso nan, aka kuma buɗe reshen da ya nufi Jos a 1927. Jirgi ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da arewa, suka zauna tare da Fantswam da Kaninkon da Bajju da Atyap da Agworok da Ham da Hausawa da Fulani, Hausa ta zama harshen kasuwa da na tasha, kai har da na majami'u da yawa. Duk abin da ya shigo Jos ko Kaduna, ba a daɗe zai sauka a Kafanchan.

Haka al'adar kallo ta iso. Turawan mulkin mallaka sun fara da majigi, motar da ke zagaya garuruwa tana haska hotunan wayar da kai a fili. Daga baya 'yan kasuwa, akasarinsu Lebanawa, suka cika gidajen silima na Arewa da fina-finan kaboyi na Amurka da na soyayya na Indiya. A farkon shekarun 1970 guguwar Bruce Lee ta taso daga Hong Kong, musamman bayan fitowar Enter the Dragon a 1973, shekarar da jarumin ya rasu, yara suka koma kwaikwayon tsalle da ihu a filayen makaranta. Sai kaset ya zo, faifai ya ture shi, wayar salula ta ture faifai. A yau kamfanoni irin su Algaita da ke Kano sun saba wa jama'a jin jarumin Indiya yana magana da Hausa, abin da ya ƙara sauƙaƙa wa fim ɗin waje shiga kowane ɗaki.

Kakan Sholay ɗan Japan ne

Mutane da yawa da za su rantse ba su taɓa kallon fim ɗin Japan ba sun san jikansa sarai. Sholay, wanda Ramesh Sippy ya bayar da umarni aka saki a 1975, labari ne na wani ƙauye da ɗan fashi Gabbar Singh ya addaba, har wani tsohon ɗan sanda ya ɗauko hayar ɓarayi biyu, wato Amitabh Bachchan da Dharmendra, don su kamo shi. Wannan zaren labari ya biyo ta The Magnificent Seven na Amurka na 1960, shi kuwa an ɗauko shi kai tsaye daga Seven Samurai, wanda Akira Kurosawa ya fitar a 1954.

Duk wanda zai fara kallon fina-finan Japan, nan ya kamata ya fara. Baƙi da fari ne, tsawonsa minti 207, amma mutumin Kudancin Kaduna ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane abin da ake ciki. Manoman wani ƙauye sun ji 'yan fashi arba'in suna shawarar su dawo bayan an girbe sha'ir. Hukuma ba ta da wani amfani a gare su. Sai dattijon ƙauyen ya ba da shawarar a nemo samurai, wato mayaƙan takobi, waɗanda yunwa ta ishe su, tunda ƙauyen ba shi da abin biya sai abinci. Manoman suka riƙa ciyar da mayaƙan shinkafa, su kuwa suna cin gero.

Kurosawa bai yi wa kowa ado ba. A tsakiyar fim ɗin mayaƙan suka gano cewa manoman nan masu kama da tausayi sun ɓoye sulke da makaman samurai da suka kashe a baya lokacin da suke gudu daga fagen yaƙi. Kikuchiyo, wanda Toshiro Mifune ya fito a matsayinsa, ɗan manomi ne da ke ƙaryar shi samurai ne, shi ya tashi ya amince cewa manoma suna da wayo da mugunta, sa'an nan ya tambayi wanda ya mayar da su haka, in ba masu takobin da suke ƙona ƙauyuka suna kwashe amfanin gona ba. An ci 'yan fashin da yaƙi cikin ruwan sama da taɓo, amma huɗu daga cikin bakwai ɗin sun mutu, kuma dukkansu harsashin bindiga ne ya kashe su, ƙwarewarsu ta takobi ba ta tsinana musu komai ba.

Abin da ake nufi da fim mai mabiya

Turawa suna kiran wani rukuni na fina-finai da kalmar “cult”, wadda a kunnen ɗan Nijeriya ke tuna ƙungiyoyin asiri na jami'o'i. A fagen fim ma'anarta daban ce. Ana nufin fim ɗin da wataƙila bai yi kasuwa ba lokacin fitowarsa, ko aka tace shi, ko aka hana shi, amma wasu tsirarun masoya suka riƙe shi, suna maimaita kallo, suna tallata shi da baki har ya wuce zamaninsa. Irin wannan fim ba ya rayuwa sai da shawarar wani ga wani, abin da ya sa ya dace da yadda fim ke tafiya a garuruwanmu.

Japan ta yi fice a wannan rukuni saboda tarihinta. Tun a 1876 gwamnatin ƙasar ta hana samurai yawo da takobi, takobin ya koma dandalin wasan kwaikwayo, daga nan ya shiga silima. Bayan an ci Japan a Yaƙin Duniya na Biyu, hukumomin Amurka da suka mamaye ƙasar daga 1945 zuwa 1952 sun taƙaita fina-finan da ke ɗaukaka ramuwar gayya da biyayya ga iyayengiji. Da aka ɗage takunkumin, daraktocin da suka ga yaƙi da idonsu suka koma wa takobi, amma da yawansu sun koma masa ne da tambayoyi masu nauyi.

Na dattawa

Bayan Seven Samurai, na gaba shi ne Yojimbo na 1961, inda Mifune ya fito a matsayin mayaƙi marar ubangida da ya shigo garin da ƙungiyoyin 'yan daba biyu suka raba, ya riƙa sayar da kansa ga kowane ɓangare har suka cinye juna. Sergio Leone na Italiya ya kwafe labarin a 1964 ya yi A Fistful of Dollars da Clint Eastwood ba tare da izini ba, kamfanin Toho ya kai ƙara, aka sasanta da ba su kaso daga cikin ribar. A 1962 Kurosawa ya biyo da Sanjuro, wanda ya ƙare da sara guda ɗaya da jini ya yi tsiri kamar an fasa bututun ruwa. Daga wannan fitowa ce feshin jini ya zama tambarin fina-finan takobi.

A shekarar ce kuma Masaki Kobayashi ya fitar da Harakiri, wanda ya sami lambar yabo ta musamman a bikin Cannes na Faransa a 1963. Labarin wani matashin samurai ne da talauci ya sa ya sayar da takobinsa don jinyar iyalinsa, ya koma rataya na gora. Ya je wani babban gida yana barazanar kashe kansa da fatan a ba shi sadaka ya kai ɗansa wurin likita, sai manyan gidan suka tilasta masa ya farke cikinsa da takobin gorar, don ya zama darasi ga wasu. Surukinsa, wanda Tatsuya Nakadai ya fito a matsayinsa, ya zo ya tona asirin munafuncin gidan. A ƙarshe magatakardan gidan ya rubuta a littafin tarihi cewa waɗanda suka mutu rashin lafiya ce ta kashe su. Wurin farke cikin yana da wuyar kallo, kuma da gangan aka yi shi haka, don mai kallo ya tsani abin da ake kira mutunci alhali zalunci ne.

Mai neman abin da ya fi sauƙi sai ya nemi Zatoichi, makaho mai sana'ar tausa da caca wanda ya ɓoye takobi a cikin sandarsa. Shintaro Katsu ya fito a matsayinsa a fina-finai 26 daga 1962 zuwa 1989, Takeshi Kitano kuma ya sabunta shi a 2003.

Shekarun 1970, lokacin da jini ya yi ambaliya

Da talabijin ya janye masu kallo daga silima, kamfanonin Japan suka ƙara wa fina-finansu jini da tsiraici don riƙe samari. A nan aka haifi yawancin waɗanda masoya ke yi wa juna kwatance har yau. Lone Wolf and Cub jerin fina-finai shida ne da suka fito daga 1972 zuwa 1974, inda Tomisaburo Wakayama ya fito a matsayin haunin sarki da aka kashe wa mata aka kuma yi masa ƙazafi, ya shiga duniya yana tura ƙaramin ɗansa a keken katako mai ɗauke da ɓoyayyun makamai. Lady Snowblood na 1973, tare da jaruma Meiko Kaji, labarin yarinyar da aka haifa a kurkuku ne, aka raine ta don abu guda, ta rama abin da aka yi wa mahaifiyarta. Daga wannan fim Quentin Tarantino ya ɗebo da yawa daga cikin abin da aka gani a Kill Bill na 2003. The Street Fighter na Sonny Chiba, na 1974, shi ne fim na farko da hukumar tantancewa ta Amurka ta liƙa wa tambarin X saboda faɗa kaɗai.

Wanda ya fi su nauyi shi ne Battles Without Honor and Humanity na Kinji Fukasaku, na 1973. Ya buɗe da hoton hayaƙin bam ɗin nukiliya, ya gangaro kasuwar bayan fage ta garin Kure kusa da Hiroshima, inda tsofaffin sojoji marasa aikin yi suka shiga ƙungiyoyin yakuza, wato 'yan dabar Japan. Fukasaku ya tuɓe wa dabar rigar jarumtaka. Iyayen gida matsorata ne masu kuka da ƙarya, yaransu ne ke zuwa kurkuku ko kabari, kuma duk wanda ya faɗi sai a tsayar da hoton a rubuta sunansa da ranar mutuwarsa kamar sanarwar jarida. Matashin da ɗan siyasa ya taɓa bai wa kuɗin ƙwaya a jajibirin zaɓe zai ga fuskar da ya sani a cikin wannan fim.

Battle Royale da Miike

Fukasaku yana da shekara 70 lokacin da ya fitar da Battle Royale a Disambar 2000, daga littafin Koushun Takami na 1999. Gwamnati ta kwashi ɗalibai 42 'yan aji ɗaya, masu kimanin shekara 15, ta kai su wani tsibiri, ta ɗaura wa kowa abin wuya mai fashewa, ta ba su kwana uku su kashe juna har mutum ɗaya ya rage. 'Yan majalisar dokokin Japan sun yi ta muhawara a kansa, hukumar tantancewa ta hana 'yan ƙasa da shekara 15 shiga kallonsa. Fukasaku ya bayyana cewa a 1945, yana ɗan shekara 15, an tura ajinsu aiki a masana'antar makamai, aka yi musu ruwan wuta, waɗanda suka tsira kuma aka sa su kwashe gawarwakin abokansu. Tun daga ranar ya daina yarda da manya. Sunan fim ɗin ne ya zama sunan nau'in wasannin waya irin su PUBG da Free Fire da matasa ke bugawa a yau, kuma masu kallon Squid Game na Koriya na 2021 za su ga kamanni a fili.

Kitano, wanda ya fito a matsayin malamin ajin, shi ma darakta ne. Hana-bi nasa na 1997, labarin ɗan sandan da matarsa ke fama da cutar sankarar jini, ya ci babbar lambar bikin Venice na Italiya. Faɗansa gajere ne, yakan faɗo ne cikin shiru ya wuce kafin mutum ya shirya.

Sai Takashi Miike, wanda ya bayar da umarnin ayyuka fiye da 100. 13 Assassins na 2010 shi ne mafi dacewa da babban mutum mai son fim ɗin takobi: mayaƙa goma sha uku sun tare wani azzalumin basarake da dakarunsa kimanin 200 a wani ƙauye, aka shafe kusan minti 45 ana gwabzawa. Amma Audition na 1999 da Ichi the Killer na 2001 wani abu ne daban. Na farkon yana farawa kamar labarin soyayya, inda wani da matarsa ta rasu ya shirya tantancewar bogi don neman mata, ya ƙare da azabtarwar da ta sa mutane ficewa daga silima a bukukuwan Turai. Na biyun an haramta shi a Norway da Malesiya, a bikin Toronto na Kanada kuma an raba wa masu kallo jakar amai. Waɗannan biyun ba na yara ba ne ta kowace fuska, kuma manya da dama ba za su yi asarar komai ba idan suka tsallake su.

Yankin da ya san jini na gaske

A Tokyo ko Toronto, jinin Miike fenti ne. A Kudancin Kaduna akwai masu kallon da suka ga na gaske. Rikicin Maris na 1987 ya faro ne daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan kafin ya bazu zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa. A 1992 Zangon Kataf ta kama da wuta sau biyu, a Fabrairu da Mayu, daga saɓani kan sauya wa kasuwa mazauni. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe mutum fiye da 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa 12, kuma garuruwan Zonkwa da Matsirga da Kafanchan suna cikin inda abin ya fi muni, kasuwar Kafanchan ma ta ƙone. A ƙarshen 2016 hare-hare a ƙauyuka irin su Godogodo da Goska sun jawo dokar hana fita da rufe manyan makarantun yankin na tsawon watanni. Yaron da aka haifa a shekarar 2011 ya kai shekarun riƙe waya yanzu.

Akwai fim ɗin Japan guda da ya yi magana kan wannan ciwo ba tare da ambaliyar jini ba. Rashomon na Kurosawa, na 1950, wanda ya ci babbar lambar Venice a 1951 ya buɗe wa silimar Japan ƙofar duniya, ya nuna kisan kai guda ɗaya ta bakin shaidu huɗu, kowa da labarinsa, kowa kuma ya gyara shi don ya kare mutuncinsa. Duk wanda ya taɓa sauraren yadda ake ba da labarin 1992 ko 2011 a unguwanni biyu na gari ɗaya ya san wannan hali. Lokacin da wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a, Kaura, Zangon Kataf, Kachiya da Sanga suka rattaba hannu kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan a Maris na 2016, bisa shiga tsakanin cibiyar Centre for Humanitarian Dialogue, babban aikin da aka yi kafin sa hannun shi ne zaunar da mutane su saurari labarin juna.

Shin kallo yana haifar da aikatawa?

Masana sun daɗe suna jayayya a kan haka. A farkon shekarun 1960 Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya nuna cewa ƙananan yaran da suka ga babba yana dukan 'yar tsana, a zahiri ko a hoton fim, sukan kwaikwaye shi. A 2003 Rowell Huesmann da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya bi yara 329 na Amurka tsawon shekara 15, suka gano cewa waɗanda suka fi kallon faɗa a talabijin suna ƙanana sun fi nuna tsageranci da suka girma, musamman waɗanda suka ɗauki jarumin a matsayin abin koyi kuma suka yarda cewa haka rayuwa take. Wasu masana, irin su Christopher Ferguson, suna ganin an kambama tasirin, domin talauci da tarbiyyar gida da abokai sun fi allo ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ita kanta Japan hujja ce ga masu wannan ra'ayi. Ƙasar da ta haifi Ichi the Killer tana cikin ƙasashen da kisan kai ya fi ƙaranci a duniya, ƙasa da mutum ɗaya cikin kowane 100,000 a shekara, kuma mallakar bindiga a can abu ne mai matuƙar wuya. Babu wanda zai ce fim ne ya ƙona kasuwar Kafanchan. Rikicin filaye da sarauta da siyasa da rashin hukunta masu laifi sun girmi wayar salula.

Sai dai binciken Huesmann ya ƙunshi abin da ya shafi wannan yanki kai tsaye. Yaron Osaka yana fitowa daga silima ya tarar da titi lafiya lau, sai ya san abin da ya gani tatsuniya ce. Yaron da ya kwana a daji yana gudun mahara ba shi da wannan katanga, fim ɗin ramuwar gayya yana iya zame masa tabbacin abin da ya riga ya fara zargi game da duniya. Wani kuma fitowa guda za ta dawo masa da daren da yake ƙoƙarin mantawa. Mai tura masa fim ɗin ba zai san ko ɗaya daga cikin biyun ba, sai idan ya tambaya.

Doka tana silima, fim yana aljihu

Nijeriya tana da Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, mai raba fina-finai zuwa matakai irin su G da PG da 12 da 15 da 18. A 2024, ƙarƙashin shugabancin Shaibu Husseini, hukumar ta sanar da ƙa'idojin taƙaita nuna tsafin kuɗi da ƙawata shan taba a fina-finan cikin gida. Japan ma tana da tata hukumar, Eirin, mai matakai huɗu: G, PG12, R15+ da R18+. Amma duk waɗannan tambura suna aiki ne a ƙofar silima ko a jikin kwali. Fim ɗin da aka sauko da shi daga intanet aka sauya masa suna aka zuba a katin ajiya ya bar tambarinsa a baya.

Inda iyaye suka fi yin tuntuɓe shi ne zane mai motsi. An saba ɗauka cewa katun na yara ne, alhali a Japan ana yin anime don kowane mataki na shekaru. Demon Slayer: Mugen Train, wanda ya fi kowane fim kawo kuɗi a duniya a 2020, cike yake da sare kawunan aljanu, kuma a Amurka an ba shi tambarin R na manya. Akira na 1988 ba na ɗan firamare ba ne. Grave of the Fireflies na Isao Takahata, shi ma na 1988, ba shi da jini sosai, amma labarin wa da ƙanwarsa ne da yunwa ta kashe bayan an yi wa birnin Kobe ruwan bama-bamai, kuma yana sa manya hawaye.

Haƙƙin mai ba da shawara

Tunda tambari ba ya isowa, mai ba da shawara shi ne hukumar tace fina-finai ta ƙarshe, ko ya sani ko bai sani ba. Abin da ake buƙata daga gare shi kaɗan ne. Ya faɗi ƙasar da fim ɗin ya fito da shekararsa, don a daina zuba komai a buhun “Chanis”. Ya faɗi irin abin da ke ciki dalla-dalla, domin faɗan takobi daban, azabtarwa daban, fyaɗe daban, kuma Lady Snowblood da Ichi the Killer duk suna ɗauke da na ƙarshen. Ya tambayi wanda zai riƙe wayar da dare, tunda a gidaje da yawa waya ɗaya ce ke zagaya ɗaki. Masu shagunan turawa kuma ba zai gagare su ba su ware na manya a wani kundi daban a kwamfutarsu, su riƙa duban fuskar mai saye kafin su tura.

Malaman sakandare da shugabannin matasa na majami'u da masallatai suna da wata dama a nan. Seven Samurai da Rashomon fina-finai ne da za a iya haskawa a ɗakin taro a tattauna a kansu, kuma ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan ba za su rasa abin cewa ba. Masu sha'awar sana'ar kanta kuwa, Cibiyar Koyar da Harkar Fim ta Ƙasa tana nan kusa a Jos.

A fitowar ƙarshe ta Seven Samurai, manoma sun koma gona suna dashen shinkafa da kiɗa da waƙa, babu mai waiwayar mayaƙa ukun da suka rage. Shugabansu Kambei, wanda Takashi Shimura ya fito a matsayinsa, ya tsaya a gindin tudun da aka binne abokansa huɗu, kowane kabari da takobi a soke, ya shaida wa na kusa da shi cewa su dai sun sake faɗuwa, nasarar ta manoma ce. Masu gaggawa sukan tsallake wannan wuri da zarar faɗa ya ƙare. Duk wanda zai tura wa ƙanensa fim ɗin, ya gaya masa ya kalla har nan.